Yaya Mai Raga da Tankin Auta

Kafin rana ta yi zafi, Yaya Mai Raga ta riga ta isa bakin ruwa. Takalmin roba har gwiwa, raga mai dogon mariƙi a kafaɗa, jaka cike da kwalayen ashana da babu ashana a ciki. Masunta sun daɗe suna yi mata tsiya, wai ragarta ko tarwaɗa ɗaya ba ta taɓa kamawa ba. Ita kuwa mazari take bi, ƙwaron nan mai fikafikai huɗu da ke shawagi a kan ruwa, da siraran danginsa masu naɗe fikafikai in sun sauka.

Tun tana aikin gwajin jini a asibiti ta fara, a ranakun hutu. Da ta yi ritaya sai abin ya zama na kullum. Kududdufi, ramin da masu bulo suka bari, magudanar bayan kasuwa, babu inda ba ta tsoma ƙafa ba. Abin da ta gani takan aika wa ƙungiyar masu nazarin ƙwari, masu haɗa taswirar inda kowane iri yake zaune a yankin. Taswirar tana da ƙa'ida. Wanda aka gani yana tashi, zobe ake zana masa, don wataƙila wucewa yake yi. Baƙin ɗigo kuwa sai an samo ɓawon da ya saɓule ya bari a jikin ciyawa ranar da ya fito daga ruwa, shaidar cewa a nan aka haife shi. Irin wannan ɓawon take adanawa a kwalayen.

Shekara da shekaru ƙaninta ne ke kai ta a babur. Mai walda ne, furfura ta cika masa kai, amma har gobe Auta take ce masa. Da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi, sai ya sa aka yanka tsohon tanki gida biyu, aka ajiye rabi a tsakar gidansa, aka zuba laka da ruwa da ciyawar fadama. Nan yake wuni a kujera yana kallo.

Wata rana ya aika a kira ta.

"Yaya, jan mazarin nan da kike nema tun ina da ƙafa, a tankina yake. Ki sa mini baƙin ɗigo."

"Ina ɓawon?"

"Da idona fa na gan shi!"

"Na yarda ka gan shi. Zobe zan sa."

"Ni za ki yi wa zobe? Taya nawa na kashe a hanyar kududdufanki?"

"Auta, ko Baba ne ya dawo duniya ya ce ya gani, zobe zan sa."

Matarsa, wadda ta ba mu labarin, ta ce daga ranar ya ɗauke wa yayarsa wuta. In ta gaishe shi sai ya kau da kai. Abin ya ci Yaya a rai ƙwarai, don su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ta san ba ƙwaro ne damuwarsa ba. Mutumin da ya zaga yankin nan kaf, yau iyakarsa tsakar gida, so yake a ce gidansa ma wuri ne. Ta kuma san alƙalami a hannunta yake, ba mai zuwa ya bincika. Duk da haka ta kasa. Abin da ta iya shi ne zuwa kowace safiya, ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta bi ciyawar tankin ɗaya bayan ɗaya, shi yana zaune kamar bai san da ita ba.

Ana dab da rufe karɓar bayanan taswirar ta samu ɓawo manne a bakin tankin, ta ɓangaren inuwa. Ta ɗora gilashin ƙara girma, ta daɗe tana dubawa, har Auta ya kasa daurewa.

"To?"

"Ba shi ba ne. Shuɗin nan ne na ko'ina, wanda ko a kwatami ana samu."

Matar ta ce ta ɗauka zumuncin ya ƙare ke nan. Sai ya miƙo hannunsa mai lafiya, Yaya ta ɗora masa ɓawon. Ya jima yana kallonsa.

"Amma a nan aka haife shi?"

"A tankinka."

"To me kike jira? Sa mini ɗigona." Ya juya ga matarsa. "Ke kuma kawo wa Yaya kujera mana, kina ganinta a tsugune tun ɗazu."

Yaya Mai Raga, ke ce wadda ba ta cewa ta gani sai ta gani. Ke ce kika hana ɗan uwanki ƙarya, ba ki kuma bar shi hannu rabbana ba. Bana gwiwa ta sa kin rataye raga, an kuma buga taswirar, sunanki can ƙasa da ƙananan haruffa. Duk mai son sanin wane ruwa ne ke da rai, wane ne ya fara mutuwa, zai iya dogara da ita ido rufe, saboda ke. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya.

Ku kuma masu sauran gwiwa, akwai ruwa kusa da kowa, kuma har yanzu da wuraren da ba a leƙa ba. In kun rasa mai nuna muku inda ɓawo ke maƙalewa, ku je gidan Auta. Sai dai ku shirya, ba zai sallame ku ba sai ya buɗe shafin shuɗin mazari, inda ɗigo ya yi yawa har ba ya ƙirguwa, ya ɗora muku yatsa a kan nasa.