Ranar da Ninian Tulloch Ya Faɗi Sunan Ƙanensa

An haifi Ninian Tulloch a gonar Cauldhame a shekarar 1811. Ya girmi ƙanensa Fergus da shekara tara, 'yan mata ukun da aka haifa a tsakaninsu kuwa babu wadda ta yi rai. Gonar ba tasu ba ce. Haya suke yi a hannun mai ƙasa kamar kowa a kwarin, takarda ɗaya shekara goma sha tara. In wa'adi ya cika, mai ƙasa ya ga dama ya sabunta, ya ga dama ya ce a tashi, kuma duk abin da mutum ya gina ko ya gyara, nan zai bar shi.

Uwarsu ta rasu Fergus yana ɗan shekara biyu, saboda haka a hannun Ninian ya tashi. Da ya kai sha huɗu, Ninian ya raka shi gari da ƙafa, ya danƙa shi ga wani masaƙi, ya komo gona shi kaɗai. Bayan rasuwar ubansu ya sa hannu a sabuwar takarda da sunansa, a watan Mayu na 1850. Eka ɗari da arba'in ce, rabinta taɓo. Shi da matarsa Elspeth suka haƙa lambatu wanda in an haɗa tsawonsa zai kai mil shida, suka tsince duwatsu suka ja katanga, har sha'ir ya tsaya a inda a da saniya ke nutsewa. 'Yarsu ɗaya ce, ta yi aure ta bi mijinta Kanada.

Shi kuwa Fergus gari ya karɓe shi. Kafin ya cika arba'in yana da masana'antar zare mai ma'aikata ɗari shida, da gidan bene, da matar da ubanta ke da jiragen ruwa, da 'ya'ya shida masu toshe hanci in baffansu ya shigo da warin tumaki. A 1868 jam'iyyar Libaral ta tsayar da shi neman kujerar gundumar a majalisar Landan. Abokin karawarsa Kanar Drysdale ne, ɗan ƙanwar mai ƙasa.

A wancan zamani, da baki ake zaɓe. Mutum zai tsaya gaban alƙali ya faɗi sunan wanda yake so, kowa na ji, magatakarda ya rubuta.

Ran sha biyu ga Agusta, Mista Geddes, wakilin mai ƙasa, ya zo a kan doki ya tsaya bakin katanga.

"Sha'irin nan ya yi kyau, Tulloch. Wa zai ce nan ne kwaɗi ke taro a da?"

"Aiki ne, ranka ya daɗe."

"Takardarka Mayu za ta ƙare, ko? Sabuwar tana kan teburina. Maigida ya ce a bar ta sai bayan zaɓe, wai hannunsa na ciwo."

Ninian ya cire hula. "Ƙanena ne, Mista Geddes. Ciki ɗaya muka fito."

"Ai ba a ce ka daina gaishe shi ba."

"In na yi zamana a gida fa?"

"Zan aiko maka da keken doki. Wanda ya zauna gida ranar, mun san inda zuciyarsa take."

Kwana uku Ninian yana juya maganar a ransa. A na huɗu ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci ya tafi gari. Ya tarar da Fergus cikin lauyoyi da takardu, aka ba shi kujera, aka kawo shayi a kofin da yake tsoron riƙewa. Ya faɗi abin da ya kawo shi.

Fergus ya ce, "Yaya, in ka ƙi ni, washegari za su manna a kowane bango. Su ce ga mutumin da yayansa ma ya ƙi. Da wane ido zan dubi jama'a?"

"To ni da wane ido zan dubi Elspeth?"

"Ku taho nan. Ina raye ba za ku rasa abinci ba."

"Shekarata hamsin da bakwai, Fergus. Zaren da na sani shi ne wanda ake ɗinke mini safa."

"Ai don irinku nake wannan yaƙin."

"Irinmu sun gode. A ina irinmu za su kwana?"

Sai aka kira Fergus waje.

Ita Elspeth ba ta ga abin wahala ba. Ta ce, "Kanar Drysdale. Kalma biyu ce, maigida. Ka faɗa ka tofar da yawu ka dawo. Shi in ya faɗi zaɓe benensa zai koma. Mu ina za mu koma?"

Sai Ninian ya yi wata dabara. Kowace shekara alƙali kan zauna duba sunayen masu zaɓe, kowace jam'iyya da lauyanta, suna ƙoƙarin goge mutanen juna. Ya roƙi wani maƙwabci ya tashi ya ce sunan Tulloch bai cancanta ba, tunda hayarsa ko shekara ba ta rage ba. In aka goge shi, babu mai laifinsa. Maƙwabcin ya tashi ya faɗa. Lauyan Kanar ya yi zumbur ya ce ƙarya ne, Tulloch mai zaɓe ne tsayayye. Lauyan Fergus ma ya miƙe ya ce haka yake. Kowannensu na ganin ƙuri'ar tasa ce.

Alƙali ya sauke tabarau ya ce, "Shekarata ashirin a kujerar nan, ban taɓa ganin ku biyun kun yarda da abu ɗaya ba. Sunan ya zauna."

Aka yi dariya. Ninian ya fito ya kama hanyar gida.

Saura mako guda zaɓe, ya yi yini biyu a kan tudu babu kwat, ruwa na dukansa, ko ciwo zai kwantar da shi ya samu hujja. Ko mura bai yi ba. Daga nan ya saduda. Ya riƙa shiga garke yana maimaita wa tumaki sunan Kanar har bakinsa ya saba.

Ran ashirin da huɗu ga Nuwamba keken doki ya zo da sassafe, da masu hayar gona biyar a ciki. A makarantar ƙauye aka yi zaɓen. Geddes na zaune kusa da murhu da ɗan littafi a gwiwa. Abin da Ninian bai zata ba, Fergus na tsaye a bakin taga, ya zo ganin yadda ake ciki. Biyar ɗin suka faɗi sunan Kanar ɗaya bayan ɗaya.

"Ninian Tulloch na Cauldhame. Wa ka zaɓa?"

Ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Alƙali ya sake tambaya. Wani daga baya ya ce, "A ba tsoho ruwa, sunan ya maƙale."

Sai Fergus ya juya ya fuskanci bango, ya ce a hankali, "Faɗi, Yaya. Ba komai. Ba na ji."

Da ya yi masa tsawa, ko ya harare shi, da Ninian ya iya faɗin sunan Kanar. Ya dubi bayan nan da aka juya masa don a sauƙaƙa masa, ya ji bakinsa ya ce, "Fergus Tulloch."

Magatakarda ya rubuta. Geddes ya rufe littafinsa. Da aka fito, mai keken ya ce babu wuri. Ninian ya taka mil tara cikin taɓo. Elspeth tana bakin ƙofa, ta dubi takalmansa.

"Da ƙafa ka dawo."

"Da ƙafa."

Ta ce, "To." Ta shiga ciki.

Fergus ya ci da rinjayen ƙuri'a ɗari biyu da goma sha biyu. Ran biyu ga Disamba takardar sallama ta iso Cauldhame. Ninian ya je ofishin Geddes sau huɗu, ba a bar shi ya wuce zaure ba. Ya rubuta wa mai ƙasa, wasiƙar ta dawo ba a buɗe ba. A watan Mayu aka yi gwanjon tumaki ɗari biyu da talatin, da dawaki huɗu, da garma biyu. Maƙwabta suka saya, kowa kansa a sunkuye.

Fergus ya ba su ɗaki biyu a bakin ƙofar masana'antar, Ninian ya zama mai buɗewa da rufewa. Sau uku Fergus yana ɗaukarsa zuwa taro, a zaunar da shi a kan dandamali, a nuna shi a ce ga wanda aka kora don ya faɗi gaskiya, jama'a su yi ta tafi. A na huɗu Elspeth ta ɓoye kwat ɗin ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce wa mai girma mijina ba rago ba ne da za a riƙa kai shi kasuwa." Har ta mutu ba ta taka gidan benen ba.

A 1872 aka yi dokar jefa ƙuri'a a akwati, babu mai sanin abin da wani ya zaɓa, kuma Fergus na cikin waɗanda suka tsaya mata. Da zaɓe ya zagayo bayan shekara biyu, Ninian ya je duba sunansa bai gani ba. Aka ce ɗakin da yake ciki na ubangidansa ne, don aiki aka ba shi, saboda haka ba shi da ƙuri'a. Ranar ya buɗe wa ma'aikata masu zuwa zaɓe ƙofa da ƙarfe goma sha biyu, ya mayar ya rufe, ya zauna a kan bencinsa.

Ya rasu ran tara ga Fabrairu 1876, yana da shekara sittin da huɗu. Majalisa na zama a lokacin, Fergus bai iso ba sai kwana biyu bayan an binne shi.