An Bar Jaki Ana Dukan Hausa

Edita, a lokacin da wannan abu ya faru ni budurwa ce mai ji da kanta, haifaffiyar unguwar New Bell Haoussa, na gama karatun kwamfuta ina ganin Douala duk tawa ce. Na sami aiki a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa wa 'yan kasuwa ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira a cikin waya. Mutum zai yi masa magana da baki, shi kuma ya zaɓi hanyar da zai bi ya cika aiken. Ɗan aiken nan bai taɓa taka titi ba, bai san kowa ba. Kowane kayan aiki da aka ba shi akwai ɗan bayani a rubuce da ke gaya masa amfaninsa da lokacin da zai ɗauke shi, kuma da wannan bayanin kaɗai yake yanke shawara. Aikina shi ne in karanta bayanan, in gwada su, in faɗi wanda zai shiryar da shi da wanda zai ɓatar da shi.

Ni ce na matsa wa kawuna ya fara amfani da shi. Kawu yana sayar da tukwane da robobi a kasuwar Marché Dakar, Faransancinsa na ciniki ne kawai, rubutun boko kuwa ba a maganarsa. Da ƙyar ya yarda, yana cewa shi bai saba aiken wanda ba zai iya kallon idonsa ba. Wata safiya wata Hajiya da za ta buɗe gidan abinci a unguwar Village ta sayi manyan tukwane a wurinsa, ya ɗauki waya ya ce da Hausa a kai mata kayanta Village. Ɗan aiken yana da hanya biyu ta aika kaya. Ɗaya ta 'yan bensikin, wato 'yan acaɓa, an rubuta mata cewa ta cikin gari ce. Ɗayar ta manyan motocin arewa, an rubuta mata cewa ta kayan da za su tafi village ce, wato ƙauye da Faransanci. Ya ji Village, ya duba ƙauyen da kawu ya bayar ranar rajista, ya tura tukwanen Hajiya can wajen Garoua. Ranar buɗe gidan abincin da tukwanen aro ta dafa, kuma ta zo har rumfar kawu ta wanke shi tas a gaban maƙwabtansa. Da na ga dattijon nan ya sunkuyar da kai, sai da na yi kuka.

Da maganar ta iso ofis, shugabanmu ya tara mu ya ce abin a fili yake, na'urar ba ta jin Hausa, don haka za a cire Hausa a bar Faransanci da Turanci. Wani ma ya ƙara da cewa ai Hausawa ba su iya faɗin abu kai tsaye ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Cire Hausa na nufin a rufe wa kawu da ire-irensa ƙofa, alhali ba su yi laifin komai ba. Na ce musu an bar jaki ana dukan taiki, na'urar ta ji kawu sarai, bayanin da muka rubuta mata ne ya yaudare ta. Shugaba ya ce in zauna, an riga an gama magana. Ban zauna ba. Na ɗauki wayar gwaji a gabansu na ba ɗan aiken umarnin nan da Faransanci tsantsa, irin na 'yan makaranta, na ce a kai kaya Village. Nan take ya sake neman motar arewa. Na tambaye su ko yanzu Faransancin za a cire.

Sai a lokacin na tuna cewa shugaban da kansa ne ya rubuta wannan bayanin. Duk da haka na ci gaba. Na gyara jimlar, na bayyana cewa Village unguwa ce a cikin Douala, kuma kada a ɗauki motar arewa sai mai kaya ya ambaci sunan garin da bakinsa. Muka sake gwadawa da Hausa da Faransanci, ɗan aiken ya kira bensikin. Ba a cire Hausa ba. Ni aka cire, domin da kwantiragina ya ƙare sai aka ce ba ni da ladabin aiki da jama'a. Na sha zaman gida, na sha gorin 'yan unguwa masu cewa bakina ne ya ja min, har mahaifiyata ta ce da na bari an watse na sami shugaban a keɓe. Wataƙila da gaskiyarta a nan, kuma kunyar da na jawo wa kawu har yau tana ci min rai. Amma tsayuwar da na yi ban taɓa nadamarta ba.

Abin da na koya shi ne ɗan aike, mutum ne ko na'ura, inda aka kwatanta masa can yake zuwa. Ku da kuke rubuta wa waɗannan na'urori bayani, ku fito daga ofis ku ji yadda mutane ke kiran unguwanninsu kafin ku ce kun gwada. Ku kuma 'yan uwana, duk ranar da aka ce muku harshenku ne matsalar, ku nemi a nuna muku abin da aka rubuta wa na'urar tukuna. Jiya na bi ta Marché Dakar na tarar da kawu ya kara waya a baki, yana ba da aike zuwa Village da Hausarsa, ko waiwayowa bai yi ba.