Ranar da Inna Ashatu Ta Ƙi Shara

Inna Ashatu ta Ƙofar Rini ba ta yi boko ba, amma ta fi kowane malami daɗewa a makarantar kurame ta unguwarsu. Mijinta mahauci ne. Ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Murja, wadda zazzaɓi ya ɗauke wa ji tun tana goye. Ashatu ta kai ta makarantar, ta zauna bakin ƙofa tana jiran a tashi, ta ga wurin da datti, ta ari tsintsiya. Murja ta gama, ta yi aure a Gidan Dahala. Tsintsiyar na hannun uwar har yau.

Makarantar tsohon ɗakin ajiyar fatu ne, warin ma bai gama fita ba. Bangon gabas ya tsage har akuya kan zura kai ta kalli darasi. Abin da ke damun Ashatu ɗaya ne: in bango zai faɗi yakan yi ƙara, mai kunne ya gudu. Waɗannan yaran ba za su ji ba.

Gwamnati ba ta iya gina wa kowa lokaci guda. Sai ta turo kwamiti ya zagaya makarantun masu buƙata ta musamman, wadda ta fi lalacewa a fara da ita. Malam Irmiya, shugaban makarantar, mutumin Zonkwa, ya san haka. Kuskurensa, abin da ya gaya wa Ashatu kawai shi ne manyan baƙi na zuwa.

A Ƙofar Rini ba a tarbar baƙo cikin ƙazanta. Ashatu ta tara iyaye mata, aka kwaɓa ƙasa aka liƙe tsagar, aka shafe bango da farar ƙasa. Aka aro darduma daga gidan wani alhaji, aka turara wurin da turaren wuta, mahauta suka aiko da tsire. Kwamiti ya zo ya ci, ya sha fura, ya ce, "Masha Allah, ku ai kun fi wasu." Aka kai ginin wata ƙaramar hukuma.

Damina ta wanke yaɓen, tsagar ta ƙara faɗi.

Da aka sake sa ranar zuwan kwamiti, Malam Irmiya ya same ta tana wanke randa.

"Inna, don Allah wannan karon kada ki taɓa komai."

"Ko shara?"

"Ko shara."

"Malam, ku can garinku haka kuka tarbon mutane?"

"A garinmu ma ana shara, Inna. Shi ya sa mu ma ba a gina mana ba."

Ta ce ta ji. Kuma ba ta yi shara ba. Tabarma kaɗai ta rataya a kan tsagar, don ba ta ga yadda za a yi babban mutum ya zauna akuya na kallonsa ba. Kwamiti ya yaba tabarmar. Aka kai ginin wani wuri.

Shekarar da ta biyo baya wani ɓangaren bangon ya zube ranar Asabar, lokacin da ba kowa. Ranar Litinin Ashatu ta tarar da tulin ƙasa daidai inda 'yan aji ɗaya ke zama. Ta daɗe tana kallo. Ba ta kwashe ba.

Da labarin kwamiti ya zo, ita da kanta ta kai wa Malam Irmiya tsintsiyar, ta ce ya kulle a ofis, don ba ta amince da hannunta ba. Matan unguwa suka zo da farar ƙasa, ta kore su. Zuwaira maƙwabciyarta ta ce, "Ashatu, tsufa ya taɓa ki? Baƙi hwa!"

"Na san baƙi na. Su zo su ga wagga ƙasa."

Suka zo. Babu darduma, babu turare. Warin fata ya tarbe su tun daga ƙofa, akuya ta shigo gaba ɗayanta. Wata hajiya cikin kwamitin ta ɗage gefen lifayarta, ta duba ƙasa, ta ce, "Wai nan ba mai shara ne?"

Malam Irmiya ya buɗe baki, Ashatu ta riga shi.

"Akwai, Hajiya. Ni ce."

Hajiyar ta dube ta sama da ƙasa, ta wuce. Ashatu ba a taɓa yi mata irin wannan kallon ba, ko a gidan surukai.

Bana aka sa harsashin sabon gini, yara kuma an mai da su rumfa kafin a gama. Ashatu ba ta je bikin sa harsashin ba, don har yanzu a unguwa ana cewa ita ce ta tarbi baƙin gwamnati ko ruwa babu. Gaisuwarta da Malam Irmiya ma ta ragu. Tana karɓar tsintsiyarta dai kowace safiya, ta share harsashin, masu gini suna yi mata faɗa wai tana kwashe musu yashi.