Mamacin da ke Warin Giris

A Nima, unguwarmu a Accra, in ka ga an ɗauko mamaci ba ka tsayawa tambayar ko wane ne. Ka ajiye abin da ke hannunka, ka je ka sa kafaɗa, ka taka ko kaɗan ne, wani ya karɓe ka. Tambaya sai daga baya. Tun ina ƙarami na san wannan, amma ranar da na sayi injin huda ƙarfe na manta da shi sarai.

Lokacin ina aikin walda a hannun maigidana, wanda kowa ke ce wa Masta, har matarsa. Shi ya koya min riƙe guduma, shi ya tsaya min a aurena. Na daɗe ina son buɗe rumfata, sai dai a sana'armu ba a fita haka siddan. Sai ka tura manya da goro su roƙa maka sallama, ya sa maka albarka. In kuwa a bakin titi ya ji kana tara kayan aiki a ɓoye, shi ke nan, ko gaisuwarka ba zai ƙara amsawa ba. Na ga ya yi wa wani haka, kuma na san ni ba zan iya jurewa ba.

Ban kai ga tura manyan ba na ji labarin injin a Kokompe, inda ake sayar da tsofaffin ƙarafa. Shekarun nan ne da ko sabulu sai an bi layi, balle sabon inji. Injin tsohon ɗan Ingila ne tun na zamanin Turawa, tsayinsa ya kawo min kunne, koren fentinsa duk ya ɓare. Mai shi ya kunna, ya sa sifirin ɗin mota, ya ja hannun ƙasa. Ƙarfen ya huje kamar an soka tsinke a dafaffiyar doya. Na ɓata fuska ina kushe bel ɗinsa, alhali zuciyata ta riga ta kai shi gida. Na san in na ce sai gobe, goben wani zan tarar ya ɗauke.

Motar haya ta sauke mu a bakin titin Maamobi, ni da abokai uku. Daga nan sai lungu, ga gota, wato kwata, da ko amalanke ba ya tsallakawa. Muka kwance gindin injin muka ba wani mai shago ajiya, muka kwantar da sauran a kan wata tsohuwar ƙofa. Da yake hanyar gidana ta gaban rumfar Masta take bi, na naɗe shi da tabarma, na lulluɓe da farin zanen gadon matata da na fito da shi tun safe. Dabarata ce, har na yaba wa kaina.

Cikin abokan akwai wani tela, wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi dutsen guga nauyi ba. Mun zo daidai masallaci, ana fitowa daga La'asar, ƙofar ta danne masa kafaɗa. Ya buɗe murya iya ƙarfinsa ya yi salati. Duk lungun ya amsa.

Kafin in yi wani abu an janye ni daga ƙarƙashin ƙofar. Na kama hannun wani dattijo na ce, “Baba, ai ba mutum ba…”

Ya dafa kaina ya ce, “Yi haƙuri, ɗana. Dukanmu can za mu je.”

Aka mai da ni baya, inda masu rashi ke tafiya. Tela kuwa, da ya ji kafaɗarsa ta huta, sai ya wuce gaba yana nuna hanya da fuskar jimami. Har yau ban gama yafe masa ba.

Ina jin wani cikin masu ɗauka yana nishi: “Cale, abokina, mutumin nan ya yi nauyi paa, ba kaɗan ba.”

Na kusa da shi ya ce, “Daga asibiti ne. Ƙanƙara ne ya shiga jikinshi.”

Muna isa rumfar, Masta ya cire baƙin tabaran walda, ya goge hannu a wando, ya shiga ta wajen kai, daidai inda motar da ke juya injin take. Aka yi ta karɓe-karɓe, shi bai ba kowa wurinsa ba har ƙofar gidana.

Matata tana tuƙin tuwo ta ɗago kai. Ta ga zanen gadonta, ta ga Masta, ta ga tela, ba ta gan ni ba. Ta saki muciya, ta ɗora hannu a ka, ta fasa kuka tana kiran sunana. Da ƙyar na kutsa na tsaya a gabanta. Kukan ya tsaya cak. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “To wane ne a cikin zanen gadona?”

Masta ne ya yaye zanen, ya warware tabarmar. Injin na bayyana, dariya ta ɓarke har gidan maƙwabta. Dattijon nan ya tsare liman da tambaya, wai ladan da ya samu yana nan ko ya zube.

Ni ban yi dariya ba. Na durƙusa, kaina a ƙasa don tsoro da kunya. Da mutane suka watse, Masta ya juya hannun injin, ya girgiza bakin da ke riƙe mahuji, ya matsa bel da yatsa.

Ya ce, “Tun da na sa kafaɗa na ji giris. Ka ɗauka hancina ya mutu?”

Na ce, “Masta, ka yi min afuwa.”

“Gobe ka tura manyanka, kamar mutum.” Ya sa takalmansa ya fita, bai waiwayo ba.

Manyan suka je. Suka dawo da albarkarsa, da wani abu naɗe a tsohuwar jarida. Sabon bel ne fil, irin wanda a lokacin ko ka kewaye Accra ba ka samu, Masta ya ce a faɗa min wancan tsohon ba zai kai sati ba.

Injin yana rumfata har yanzu, yana huda ƙarfe. Ranar da Masta ya rasu na shiga ta wajen kai. Mutane suka yi ta taɓa bayana za su karɓe ni, na yi kamar ban ji ba har maƙabarta.