Salmanu Mai Albasa da Wayar Zamzam

A Hillar Ɗan'auta, wani ƙauyen Hausawa da ke yamma da Managil, da abu biyu aka san Salmanu: albasa da baki. Albasar a hawashar wani Balarabe yake noma ta, gonar da ke shan ruwan tur'a, wato babbar magudanar ban-ruwa, in an cire su raba. Bakin kuwa nasa ne shi kaɗai. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kunnensa na hagu bai ji sosai tun wani zazzaɓi da ya yi yana saurayi, shi ya sa in yana magana sai ka ɗauka da wani yake a ƙetaren ruwa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, ya tsaya tsinkar auduga a nan yankin Jazira don ya haɗa guzuri, daga nan bai ƙara gaba ba. Salmanu bai taɓa ganin Sakkwato ba, bai taɓa ganin Makka ba, amma in ya ba ka labarinsu sai ka rantse jiya ya dawo.

Ba maƙaryaci ba ne. Ƙaramin abu ne zai faru a gabansa, jaki ya ƙi haye gada, ko direban bas ya yi cacar baki da mai shayi a tashar Managil, sai ya ɗauko shi ya taho da shi gida, yana tafe yana gyara shi a ransa, yana ƙara masa gishiri. Dattawan ƙofar masallaci suna jin daɗin hirarsa, amma ba don su yake wannan wahalar ba. Don matarsa Zamzam yake yi.

Zamzam doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma dariyarta tsada gare ta. Tun suna amare ya gane haka, ya mai da abin aikinsa. Kullum bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta soya bunni, ƙwayar gahawa, a kasko, ta daka shi da citta, ta ɗora tukunyar jabana, gahawar ƙasar, a kan gawayi. Shi kuma ya kishingiɗa a angarib, gadon nan na igiya, ya fara. In labari ya yi kyau sai ta ja gefen mayafinta ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa, ta ce, "Kai Malam, ka ji tsoron Allah." Ranar da ya samu wannan, barcinsa ma daban ne. A haka suka haifi 'ya'ya, suka binne biyu, suka aurar da sauran, gida ya koma daga shi sai ita.

Wayar ta shigo gidan ne a cikin jakar wani ɗan garin da ya dawo hutu daga Jidda. Ɗansu Musbahu, mai tuƙin motar ruwa a can, shi ya aiko ta, ya ce a ba Inna. Baba ai yana da tasa. Tasa ɗin kuwa 'yar ƙarama ce mai madannai, ɗaure da roba. Salmanu ya juya sabuwar a hannunsa, faffaɗa, mai sheƙi kamar tiren shayi, ya sa albarka, ya miƙa wa mai ita. A ransa ya ce ba laifi, uwa ce. Amma har ya yi sallar magariba maganar nan ta "Baba yana da tasa" ba ta bar shi ba.

Da fari shi ma ya ji daɗi. Ga fuskar Musbahu, ga jikoki suna ɗaga hannu. Sai 'yar'uwar Zamzam da ke aure a Rufa'a ta sa ta a wani zaure na dangi a cikin wayar, inda mutum ke danna wuri ya yi magana kowa ya ji. Zamzam ba ta iya karatu ba, amma wannan bai buƙatar karatu. Kafin a cire albasar shekarar ta san wanda ya haihu a Sinnar, da wanda ya sayi fili a Madani, da irin labulen da matar Musbahu ta sa a falo.

Wata rana bijimin Jibirin, abokin Salmanu tun na yarinta, ya zame ya faɗa tur'a. Maza suka taru da igiyoyi, ana ja ana ihu, Jibirin ya shiga ruwa har wuya yana lallashin sa kamar amarya, da aka fizgo dabbar kuwa sai ta fito da wandon mai ita maƙale a ƙaho. Salmanu ya san ya samu labarin shekara. Bai ma tsaya wanke ƙafa ba. Duk tsawon hanyar gida yana jera abin, ina zai fara, ina zai dakata ya kurɓi jabana, yadda zai kwaikwayi muryar Jibirin.

Ya zauna, ya gyara murya. "Zamzam, yau Jibirin..."

"Zancen bijimin da ya faɗa ruwa? Na gani."

"Kin gani a ina?"

Ta miƙo masa wayar. Ga tur'a, ga sa, ga wando. Ga shi kansa Salmanu can gefe, ɗan mitsitsi, yana ɗaga hannu yana ihu kamar mahaukaci. Wani saurayi ne ya ɗauka ya watsa, abin ya je Jidda ya dawo kafin shi ya iso ƙofar gidansa. Ta riga ta yi dariyarta ta gama. Ya kurɓi jabanarsa ya ajiye, ta ce ko sukari ne bai ji ba, ya ce ya ji.

Daga nan abin ya yi ta ƙaruwa. Ba gidansa kaɗai ba. A ƙofar masallaci samari suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa kansa a sunkuye, ka yi sallama a amsa maka ba a ɗago ba. Da ƙafarsa ta kumbura ya kwanta, mutanen da a da za su cika masa tsakar gida sai suka aiko da "Allah ya ƙara sauƙi" ta wayar matarsa, har da maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba su. Kisra, sinasirinsu na dawa, ta fara zuwa da ƙauri, don hannu ɗaya ke kan tanda, ɗaya na kan gilashin waya. Duk wannan ya haɗiye. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne muryar Sa'id.

Sa'id ɗan kawun Zamzam ne, tsohon ma'aikacin masaƙa a Hasahisa, wanda tun da aiki ya tsaya ba shi da abin yi sai tura barkwanci a zauren dangi. Kuma kowa a dangin ya san shi aka fara yi wa maganar Zamzam, kafin ubanta ya zaɓi Salmanu. Zancen ya tsufa, masu shi sun yi furfura. Amma ranar da Salmanu ya shigo gida ya tarar da ita ta ja gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa, muryar wani namiji tana fita daga tafin hannunta, sai kishi ya kama shi.

"Wane ne wannan?"

"Sa'id ne. Zo ka ji, wallahi..."

Ya ji. Da Larabci ne, wani labari na wani baƙauye da ya shiga banki. "Wannan ai ba nasa ba ne," in ji Salmanu. "Tun ina saurayi ake ba da shi a bas. Ko iya faɗa bai yi ba, ya riga labarin dariya."

"To ni dai ya ba ni dariya, Malam."

Ya fita ba tare da ya sha jabana ba. Ya zauna a bakin tur'a yana jifan ruwa da ɓawon albasa, dattijo mai jikoki, yana jin haushin mutumin da rabonsa da ganinsa tun wani suna da aka yi shekaru da dama. Shi zai yi yini yana sassaƙa magana, wani can yana kwance ƙarƙashin fanka ya kwaso ta wasu ya tura, kuma shi ake rufe wa baki da mayafi.

Shekarar da aka yanke intanet a ƙasar gaba ɗaya, kowa a Hillar Ɗan'auta yana tsaki, ban da mutum guda. Salmanu ya riƙa dawowa daga gona da sauri kamar ango. Ya kwance duk labaran da ya tara, har na bijimin Jibirin ya maimaita, da muryoyi da komai, ta yi dariya har da hawaye. Sai dai ya lura wayar tana nan kusa da cinyarta, lokaci lokaci ta taɓa ta da yatsa ta ga ko ta farfaɗo. Ranar da shabaka, wato intanet ɗin, ta dawo suna tsakiyar hira ne. Wayar ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa kamar 'yan tsaki sun ga uwarsu. Zamzam ta ce, "Riƙe maganarka, Malam." Yana riƙe da ita har gawayi ya mutu.

Abin da ya yi bayan wannan bai taɓa gaya wa kowa ba sai Jibirin. Wata safiya ta shiga kewaye ta bar wayar a kan tabarma, ya ɗauke ta, ya danne ta har ta mutu, ya cusa ta can cikin buhun dawa a ɗakin ajiya. Ya taya ta nema. Har ƙarƙashin angarib ya leƙa, yana cewa ko akuya ce.

Ya ɗauka za ta yi jimami ta haƙura. Ba haka aka yi ba. Da la'asar ta yi sai ta yafa mayafi ta nufi gidan Maijidda maƙwabciyarsu, wadda take cikin zauren dangin ita ma, don ta ji ko Musbahu ya yi magana. Washegari ma haka. Jabana ta koma can. Salmanu ya dawo gona ya tarar da rumfa ba kowa, murhu a sanyaye, ta bayan katanga kuma yana jiyo mata suna shewa, muryar Sa'id tana tashi a tsakaninsu. A da ko ba ta saurare shi tana gabansa, yana ganin hannunta yana juya bunni. Yanzu ko wannan babu. Bai cika mako ba ya tono wayar, ya goge ta da hannun riga, ya ajiye a bayan tulu.

Zamzam ta ɗauke ta, ta juya, ta hure ƙaiƙayin da ya maƙale a ramin caji. Ta dube shi, ta ce, "Ashe har ɗakin ajiya ta shiga." Daga ranar ba ta sake barin ta a kan tabarma ba.

Jibirin ne ya ba shi shawara, bayan ya gama yi masa dariya. "Kai da Allah ya ba baki? In a cikin abin nan take ji, ka shiga ciki mana."

Da aka cire albasa Salmanu ya hau bas zuwa Managil ya sayo tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, mai shagon ya nuna masa inda ake dannawa. Ya tafi can ƙarshen hawasha inda ba mai ganinsa, ya tsuguna a gindin wata bagaruwa, ya riƙe abin a bakinsa. Sau uku yana farawa yana fasawa, don bai saba magana ba fuska a gabansa ba. A na huɗu ya rufe ido, ya ba da labarin yadda mai shagon ya so ya sayar masa da wayar da ba ta jin Hausa. Ya tura wa Zamzam.

Ita kuwa ta tura wa dangi. Kafin wata ya ƙare ana jiran muryar Salmanu daga Rufa'a har Jidda. Musbahu ya ce abokan aikinsa suna tambaya ko Baba ya aiko sabo. Sa'id kansa ya turo gaisuwa, ya ce ya sallama. Salmanu ya saurari wannan sallamawar ya fi a ƙirga, kuma ba za a ce bai ji daɗi ba.

Amma ba abin da ya nema ke nan ba. Wata la'asar ya shigo gida ya tarar da ita a rumfa, wayar a kunnenta, tana dariya. Ya tsaya ya kasa kunnensa mai ji. Muryarsa ce, wadda ya tura da hantsi. Ya zauna a angarib, ya ce, "Zamzam, ai akwai ƙarashen da ban faɗa a ciki ba. Da matar ta juyo..."

Ta ɗaga masa hannu. "Dakata ya gama."

"Wa zai gama? Ga ni a gabanki."

"Na cikin ya fi daɗi, Malam. In ban ji wuri ba sai in mayar baya. Ƙarashen ma ka tura mini gobe, Maijidda tana so."

Ya zauna yana kallonta tana sauraron wancan Salmanun, wanda ba ya tari, ba ya warin albasa, ba ya neman a ƙara masa sukari. Ya ji irin abin da ya ji ranar Sa'id, sai dai wannan karon ba wanda zai je bakin tur'a ya zaga.

Bai daina turawa ba. A shekarun nan kafin yaƙi ya iso Jazira, duk wanda ya bi ta ƙarshen hawashar da hantsi zai hango wani gajeren dattijo tsugune a inuwa, ido a rufe, yana ihu shi kaɗai yana kwaikwayon muryoyi. A gida kuwa maganarsa ta ragu ƙwarai. In abu ya faru a gabansa da yamma bai ƙara kawo shi rumfa, ajiye shi yake sai gobe in ya je gona.