Hatimin da ke Aljihun Baba

Ranar da aka ba ni takardar zama incaji na wani ƙaramin asibiti tsakanin Roni da Gwiwa, sau uku na karanta ta a cikin mota kafin mu bar duwatsun Kazaure. Shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya, na kuma ƙaro biyu a kan duba marasa lafiya inda babu likita: in saurari ƙirji, in rubuta magani, in san wanda zan riƙe da wanda zan tura gaba. Kaina ya kumbura ranar, ba zan ɓoye ba.

Matsalata ɗaya ce, kuma tana da farin gemu. Baba muke ce masa. Shi yake riƙe da asibitin tun ina firamare, a hannunsa ma na koyi riƙe sirinji da aka turo ni horo ina ɗaliba. Yanzu takarda ta ce yana ƙarƙashina har ya yi ritaya.

Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa takardar da hannu biyu. Ya karanta ya ce, "Madalla 'yata, Allah ya taya ki riƙo." Ya ba ni kujerarsa, ya ba ni makullin ɗakin magani. Abu ɗaya ne bai ba ni ba, hatimin asibiti. Ɗan ƙaramin abu ne, amma shi ake bugawa a takardar tura mara lafiya babban asibiti, da shi za a san daga hannun ma'aikata ya fito a karɓe shi da gaggawa. A aljihun gaban rigarsa yake zama, cikin leda ɗaya da goronsa.

Ni da kowa ya sani da baki, ni da na taɓa tsayar da direba a tsakiyar hanya saboda gudu, wallahi na kasa cewa ya ba ni. Ta ina zan fara? Wata uku ina rubuta takarda, in kai masa, ya sa tabarau ya karanta a tsanake, sannan ya buga. Ma'aikata kuwa ba makafi ba ne. In na ce a yi abu, sai sun saci kallon Baba tukuna. Ungozomarmu, wata mai tsokanar tsiya, ta ce min, "Anti, ke fa incajin kujera ce, incajin gaske yana aljihu." Na yi dariya a gabanta, na shiga ofis raina yana tafasa.

Wata Laraba da hantsi, cikin damina, Baba ya leƙo ya ce in daure in shiga gidansa in yi wa matar ɗansa allurar zazzaɓi. Kwananta ashirin da haihuwa, mijin ya tafi Ɓaɓura fatauci. Ya ce kasala ce kawai da ɗan kumburin jego.

Ina ɗaga labulen ɗakin zafi ya mare ni. Gadon ƙasa ne da garwashi a ƙarƙashi, ga kwanon kunun kanwa an sha rabi, ga tukunyar wankan jego a tsakar gida tana tururi da ganyen darbejiya. Yarinyar tana zaune an tokare ta da matasai, tana jan numfashi da baki. Ta ce kwana uku ke nan in ta kwanta sai ta ji kamar an danne ta. Na danna ƙafarta da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Jijiyoyin wuyanta sun fito raɗa-raɗa. Na sa abin saurare a bayanta, na ji huhun yana ƙara kamar kunu ya fara tafasa. Zuciyarta ce take gazawa, ruwa yana taruwa a ƙirjinta, kanwa da zafin nan kuma ƙara mata nauyi suke yi.

Na aika aka kira ungozoma ta zo da allurar fitar da ruwa, na yi mata, na sa aka kwashe garwashin. Matar Baba, wadda muke kira Goggo, ta riƙe haɓa. Da na ce babban asibiti za mu tafi yanzu, ta ce, "Mai jego ta ƙetare ƙofar gida ba ta yi arba'in ba? Haba 'yar nan! 'Ya'ya tara na haifa a kan gadon nan." Na ce, "Goggo, Allah ya ba ku zuciya mai ƙarfi, ita tata ta gaji." Ban tsaya jin amsa ba.

A zaure na sami Baba da maƙwabtansa biyu. Na durƙusa, na rubuta takardar a kan gwiwata, na faɗa masa abin da na ji. Ya sa tabarau ya karanta, ya girgiza kai. Ya ce na cika gaggawa irin ta masu sabon karatu, ya ga kumburin jego ya fi a ƙirga, a bari zuwa Juma'a mijinta ya dawo.

Juma'a! Ina jin numfashin yarinyar nan a kunnena. Na ce, "Baba, kun gan ta da idonku?"

Na san amsar, shi ma ya san na sani. Surukarsa ce. Tun da aka kawo ta gidan bai taɓa taka ɗakinta ba, in ta gaishe shi ma daga bayan labule ne, kansa a ƙasa yake amsawa. Duk abin da ya sani game da ciwon, daga bakin Goggo ya ji. Mutumin da ya duba matan garin nan kaf, kunya ta hana shi duba ta cikin gidansa. Ni kuma kunyarsa ta hana ni riƙe aikina. In muka ci gaba da jin nauyin juna, yarinyar mutane ce za ta mutu a tsakaninmu.

Da can cewa nake yi, "Baba, a buga min." Ranar sai na miƙa tafin hannuna na ce, "Baba, ku ba ni hatimin. Ni na duba ta, ni zan tura ta. In an yi kuskure a kaina yake."

Ban janye hannun ba. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya yi gyaran murya. Baba ya dube ni, sannan ya zaro ledar, ya ware goronsa gefe, ya ɗora min hatimin a hannu. Da kansa ya fita neman mota.

Ni na riƙe mai jegon a zaune har muka isa babban asibiti, Goggo tana gefe da jaririyar, fuska a ɗaure. Kwanan mai jegon tara a can. Ta dawo da ƙafarta, da ledar magani, da sharaɗin ba ita ba kanwa.

Washegarin tafiyar, kunyar ta dawo min sabuwa fil. Na lallaɓa na ajiye hatimin a teburin Baba. Ya biyo ni da shi har ofis, a gaban ma'aikata, ya ce, "Ke kika shiga ɗakin, ni a zaure na tsaya. Riƙe abinki, incaji." Ungozoma ta rangaɗa guɗa, na ce ta rufe mana baki, asibiti ne nan.

Daga nan na kafa tsarin da nake alfahari da shi har gobe. Duk mai jegon da ke garin da rugagen kewaye, mace cikinmu za ta shiga har ɗakinta a makon farko da na uku, ta danna ƙafa, ta auna jini, ta saurari ƙirji. Ba mu yarda da "an ce tana lafiya" daga bakin zaure. Ban hana kowa wanka ba, na dai sa an sassauta zafin, an rage kanwa. Baba ne ya yi wa maza bayani a ƙofar masallaci, don daga bakinsa suka fi ji. Goggo ta yi wata biyu tana amsa gaisuwata da hanci, yanzu ita take fara aiko min in an haihu a unguwarsu.

Bara, bayan ya yi ritaya, ciwon yanar ido ya rufe wa Baba ido ɗaya. Jikarsa, jaririyar nan da yanzu ta yi wayo, ita ta riƙo masa sanda har asibiti, uwarta tana biye da su. Ya ƙi wuce layi. Da aka zo kansa ya tsaya a gaban teburina ya ce, "Incaji, a duba ni, in da hali a tura ni gaba."

Na zaunar da shi a kujerar da ya ba ni, na duba idon, na rubuta takardar. Sannan na zagayo na durƙusa a gabansa, na ɗora ta a gwiwata na buga mata hatimin.