Ɗakin da Manny Ya Gina a Ƙasan Gida

Duk wanda ya yi firamare a gefen garin Mackay a zamanin da Connie Vassallo ke tuƙa motar 'yan makaranta ya san muryarta kafin ya san fuskarta. Gajeriya ce, sai ta ɗora matashi a kujera take hango hanya, amma in ta ce a zauna, har ɗan banzan da ke layin baya sai ya nemi wuri. 'Yar mai yankan rake ce, jikar mutanen Malta, kuma ta taso da aƙida guda: abin da hannunka zai iya, kada ka biya wani ya yi maka. Ita ke yi wa mijinta Manny aski, ita ke canza man mota, ita ta hau sama ta ɗaure kwanon da guguwa ta ɗaga. Dillalan gidaje kuwa, kada ma ka ambace su a gabanta. Tana budurwa ta ga wani ya zo da mota mai sheƙi, ya sha shayin mahaifiyarta, ya sayar da gonar mahaifinta, ya yanki kasonsa ya tafi ko takalminsa bai taɓa laka ba. Har ta yi furfura ba ta yafe wa sana'ar ba.

Gidansu irin na garin ne, na katako a kan dogayen ginshiƙai, sai ka hau doguwar matakala kafin ka kai ƙofa. Da ƙuruciya wa ya damu da matakala? Amma ƙodar Manny ta gaza, ƙafafunsa suka bi sahu, kuma kwana bibbiyu ake kai shi asibiti wankin ƙoda. Connie ke rataya hannunsa a wuyanta, su sauko taki ɗaya ɗaya, tana jin gwiwarsa tana rawa a jikin tata. Ranar da ƙafarsa ta zame ya rage kiris su gangara tare, ta zauna a ƙasan matakalar ta yi kukan da ba ta so kowa ya gani. A makon nan ta samo ɗan gida a unguwar tsofaffi da ke bayan asibitin, ba hawa ko taki guda. Matar da ke kula da unguwar ta ce za ta riƙe mata shi zuwa ƙarshen wata, in dai cinikin gidansu ya faɗa, don akwai wasu a layi.

'Yarta Josie ta bugo daga Perth. "Mama, don Allah ki ɗauki dillali sosai."

"Ya yi mini me? Ya buɗe ƙofar da na tsufa ina buɗewa?"

Ta zaɓi wani kamfani na intanet, irin waɗanda ake biya kaɗan sau ɗaya. Su sa maka hotuna a shafin tallan gidaje, su aiko da allon da za ka kafa a bakin titi, shi ke nan aikinsu ya ƙare. Rubuta tallan, zagayawa da masu duba gida, ciniki, duk kai ne. Connie ta zauna ta rubuta ɗakin kwana huɗu: uku a sama, ɗaya a ƙasan gida, wanda Manny ya gina wa mahaifiyarsa da hannunsa lokacin da ta daina iya hawa. Tsohuwar ta kwana a ciki har ta rasu. In wannan ba ɗakin kwana ba ne, to mene ne?

Ɗakin nan ne ya kawo Tavita Faleafa da matarsa Losa ranar Asabar. 'Yan Samoa ne, shi yana aiki a tashar jiragen ruwa inda ake lodin gawayi, ita tana jinyar tsofaffi, kuma mahaifinta a keken guragu yake. Losa ta tsaya a tsakiyar ɗakin ƙasan ta ce, "Anti, nan Baba zai ga rana da safe." Su ma ba su da mai yi musu ciniki. Aka shirya a tsaye, aka sa hannu a wajen lauyoyi, da sharaɗin mai duba gini ya duba, banki kuma ya yarda. Connie ta bugi ƙirji a waya, ta ce wa Josie ta gaida dillalinta.

Mai duba ginin ya zo da safe, mutum mara fara'a. Ya bi ginshiƙai yana ƙwanƙwasa su don gara, Connie na biye da shi kamar kaza mai 'ya'ya. Babu gara. Har ta fara sakin jiki, sai ya shiga ɗakin ƙasa ya zaro ma'auni ya miƙa shi daga daɓe zuwa rufi. Ya sake aunawa a wani lungun.

"Wannan ba ɗakin kwana ba ne a wajen hukuma," ya ce. "Rufin ya gaza da kamar yatsa huɗu."

"Mutum ya kwana a ciki shekara da shekaru."

"Ban ce ba a kwana ba. Banki dai uku zai ƙirga, bashin da zai bayar ma na uku ne."

Kowane dillali a garin nan ya san maganar tsayin ɗakin ƙasa, yana shiga zai ɗaga kai, ya rubuta ɗakin ajiya a talla ya huta. Ita ba wanda ya taɓa gaya mata. Ta kira kamfanin, wata yarinya mai zaƙin murya ta ce tana ba ta haƙuri ƙwarai, amma wannan ba ya cikin aikin da ta biya. Lauyanta ya ce masu saye na da ikon janyewa, shi kuma takarda yake yi, ba ciniki ba.

Ni ma ba masoyin dillalai ba ne, amma akwai aiki guda da suke yi wanda ba a ganinsa. Mai saye zai ce an cuce shi, dillali ya haɗiye wannan a mota, ya iso wajen mai gida ya ce suna roƙon a ɗan duba musu. Mai gida ya zazzaga ashar, dillali ya haɗiye ta ita ma. A gidan Vassallo babu mai haɗiyewa. Tavita da Losa suka hau matakalar da yamma suka zauna a teburin kicin, Manny na kan kujerarsa a bakin taga da bargo a cinya.

Tavita bai yi barcin kirki ba, idonsa ya nuna. Ya murza hularsa ya ce, "Anti, ba raini ba ne. Banki ya rage mana, ba mu da inda za mu cike. Ki sauko mana da kuɗin gidan. Ai ke ma an cuce ki, wanda ya yi ginin nan ha'inci ya yi. Aikin 'yan ci-da-sauri ne, ko ma'auni bai iya riƙewa ba."

Bawan Allah, so yake ya ba ta mafita, bai san maginin na zaune yana jin sa ba. Connie ta ga hannun Manny ya motsa a kan bargon, hannun nan da yanzu ko kofi ba ya riƙewa. Ta nuna Manny da yatsa.

"Ga mai ha'incin nan a zaune. Faɗa masa a idonsa."

"Anti, wallahi ban sani ba."

"Kada ka ƙara ce mini Anti. Ya yi wa uwarsa ɗaki bayan ya dawo daga aiki a gajiye, kai me ka gina?"

Losa ta miƙa hannu ta taɓa ta. "Ki yi haƙuri, mu zauna mu..."

"Ku tashi. Ku je can ku nemi inda za ku jibge tsohonku da kuɗin da ba ku da shi."

Losa ta janye hannunta a hankali, ta ɗauki jakarta, suka sauka ba sallama. Connie ta tsaya tana huci, amma tun kafin ƙarar motarsu ta ɓace ta san abin da ta yi, tsoro ya kama ta.

"Ni ban ji zafi ba, Connie," in ji Manny. "Ke kika ji. Yaron bai sani ba."

Washegari ta gasa pastizzi, irin samosar mutanen Malta, faranti guda, ta lulluɓe da tawul, ta tuƙa zuwa gidan hayarsu. Matar da ba ta taɓa roƙon kowa ba ta tsaya a ƙofar mutane tana haɗa kalmomi. Losa ce ta buɗe.

"'Yata, bakina ya yi mini sauri. Duk abin da banki ya rage, na sauke. Ku karɓi gidan."

Losa ta dube ta da jajayen idanu. "Mun riga mun gaya wa lauya mun janye. Da wannan ne kaɗai, da an gyara. Amma Baba ya tambaye mu yadda aka yi, mu kuma ba ma yi masa ƙarya. Ya ce ba zai kwanta a ɗakin ba ko kyauta ne. Ba maganar kuɗi ba ce yanzu, Anti."

Ta karɓi farantin da hannu biyu, don an yi mata tarbiyya, ta ce a gaida mai jiki. Connie ta koma mota ta kira matar unguwar tsofaffi ta roƙi ƙarin lokaci. Matar ta ce ta so ta yi, amma na bayanta ma matarsa ba ta tafiya, kuma shi ya riga ya sayar da gidansa.

Ranar asibiti ta zagayo. Connie ta sa wa Manny takalmi, ta kawo shi bakin matakala, ta rataya hannunsa a wuyanta. Ya fi makon jiya nauyi, ko ita ce ta rage ƙarfi, ba ta sani ba. Ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri, ya girgiza kai.

"Bari sai mun kai ƙasa, mai taurin kai," ya ce. "Yanzu dai riƙe ni da kyau."